Yadda na tsaya takarar kwamitin unguwa a Zongon Kumasi

A ranar 19 ga watan Disamba 2023 aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a mafi yawan sassan Ghana, wasu mazaɓun kuma suka yi nasu ranar 21 ga watan. Wannan shi ne zaɓen da ake fitar da wakilan majalisun gundumomi, waɗanda muke kira asambiliman, tare da 'yan kwamitin unguwa mutum biyar-biyar a kowace mazaɓa. Ina cikin mutane sama da 66,000 da suka tsaya takara a wannan karo, kuma kujerar da na nema ita ce mafi ƙanƙanta da ƙuri'a ke iya bai wa mutum a ƙasar nan, wato zama ɗaya daga cikin biyar ɗin nan a unguwarmu, wadda ke cikin zangunan, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi 'yan asalin arewa, da ke ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong a Kumasi. Ni malamar makaranta ce, ban taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba, kuma ina rubuta wannan ne domin 'yan uwana mazauna Zongo, musamman mata, su san yadda hanyar take tun daga karɓar fom har zuwa zaman farko.

Kwata ce ta tura ni. Akwai wata babbar kwata da ta bi ta bayan makarantar da nake koyarwa, wadda ke kwashe ruwan gidajen da ke sama da mu ta kai shi rafi, kuma duk lokacin da ruwan watan Yuni ya sauka da ƙarfi sai ta cika da leda da robobi da yashi, ta tumbatsa ta shiga azuzuwan ƙananan yara. Kowane gida yana share ƙofarsa, babu wanda za a kira ƙazami, amma kwatar ba ta kowa ba ce, saboda haka babu mai kula da ita. Na bi gidajen layin ina roƙon a tsayar da rana guda a yi aikin gayya, kowa yana cewa shawara ce mai kyau, har na isa wani gida inda maigidan ya saurare ni da kyau, sannan cikin ladabi ya ce: "Malama, wa ya sa ki?" Ban ji haushinsa ba, domin tambayarsa tana kan hanya. Babu magidancin da zai so maƙwabciyarsa ta yanka masa ranar da zai fito da shebur, sai idan akwai wata hanya da jama'a suka yarda da ita wadda ta ba ta wannan hurumi. A fahimtata asalin siyasa ke nan tun kafin a san jam'iyya da tuta: mutane suna zaune wuri ɗaya, suna da abin da ya shafe su duka wanda ba mai iya gyara shi shi kaɗai, dole su nemi yadda za su amince da wanda zai kira su, da kuma yadda za su yanke shawara idan ra'ayi ya rabu.

Hanyar kuwa tana nan a rubuce, mu ne ba mu cika waiwayarta ba. Tun shekarar 1988, zamanin mulkin Rawlings, aka kafa majalisun gundumomi, kundin tsarin mulkin 1992 ya tabbatar da su, kuma a yau akwai guda 261 a faɗin ƙasa. Kowace mazaɓa tana tura wakili ɗaya, shugaban ƙasa kuma yana naɗa wasu da ba su wuce kashi 30 cikin 100 na majalisar ba. A ƙarƙashin wannan duka kwamitin unguwa yake, kuma aikinsa shi ne lura da tsabtar muhalli, tara mutane aikin gayya, taimakawa wajen tattara kuɗin shiga, da isar da kukan unguwa ga majalisa ta hannun asambiliman. Ba shi da albashi.

Doka ba ta ce in nemi iznin kowa ba, amma wanda ya tashi a Zongo ya san cewa akwai ƙofofin da ake fara ƙwanƙwasawa. Na fara da maigidana, wanda damuwarsa ɗaya ita ce zagin da ake yi wa mata a fagen siyasa, muka yi magana ta fahimta ya ce in je Allah ya taimaka. Daga nan na tafi wurin ƙanin mahaifina, shi ya raka ni gaban Malam Liman, sannan muka je gaisuwa gidan sarkin ƙabilarmu, domin a nan kowace al'umma, Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli da Zabarmawa da Wangarawa da sauransu, tana da nata sarki da take ji da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce zai sa a zaɓe ni, ni ma ban roƙi haka ba. Abin da na je nema shi ne kada su ji labarin a bakin wani. Wadda ta fi ba ni lokaci ita ce Magajiya, shugabar matan unguwa, wadda ta yi mini tambayoyi masu zafi game da abin da zan yi idan na ci, ta kuma gargaɗe ni da cewa: "'Yata, kada ki yi wa kowa alkawarin abin da ba ya hannunki, domin gobe a gidan suna za ku haɗu."

Fom ɗin takara kyauta ne, kuma ba a biyan kuɗin ajiya kamar yadda masu neman majalisar dokoki ke biya. Sharuɗɗan ba su da yawa: mutum ya kasance ɗan ƙasa, ya kai shekara 18, sunansa yana cikin rajistar masu zaɓe, yana zaune a wurin, kuma babu bashin haraji a kansa. Ana haɗawa da hotuna. Sai kuma sa hannun mutanen mazaɓa: wanda ya gabatar da kai, wanda ya mara masa baya, da wasu mutum 8 idan kwamitin unguwa kake nema, ko 18 idan kujerar asambiliman ce. Na ɗauka wannan ɓangare zai fi kowanne sauƙi a unguwar da aka haife ni, sai ga shi a nan na fi koyon halin da muke ciki.

Da farko na nufi bes ɗin samarin layinmu, inda suke zaman shan ataya da yamma, da yawansu ma ɗalibaina ne a da. Sun yi murna, kowa yana cewa a ba shi biro, amma da muka duba katunan zaɓensu sai ya bayyana cewa wani a Bawku ya yi rajista, wani a Yendi, wani a Salaga, duk garuruwan arewacin Ghana, wani kuma a wata mazaɓa ta cikin Kumasi inda aka kwashe su a mota aka kai su a shekarar babban zaɓe. Ga su a nan suke kwana, ruwan kwatar nan yana shiga ɗakunansu, amma ba su da ƙuri'a a kan abin da ya shafi ƙofar gidansu. Ban ga laifin wanda ya bar ƙuri'arsa a garin iyayensa ba, domin zumunci ne da kishin asali. Sai dai ya kamata mu san abin da muke sarayarwa idan muka yi haka.

Wanda ba zan manta da shi ba shi ne wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda na so ƙwarai sunansa ya kasance na farko a takardata. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani, ya karɓi fom ɗin ya juya shi a hannunsa, sannan ya miƙo mini ya ce: "'Yata, addu'a zan yi miki, amma ba zan dangwala yatsana a takardar gwamnati saboda siyasa ba." Na ce: "Baba, ai wannan ba ta jam'iyya ba ce." Ya ce ya sani. Daga nan ya ba ni labarin ƙarshen shekarar 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, yana saurayi ya ga maƙwabtansu, fataken goro da mahauta da malamai, suna sayar da kayan ɗaki a wulaƙance suna hawa manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar da ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso, cikinsu har da waɗanda a Kumasi aka yanke musu cibiya. Ya ƙara da abin da ya ji daga iyayensa game da 1957, lokacin da gwamnatin Nkrumah ta kori Sarkin Zongon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya, alhali su jagorori ne a jam'iyyar Musulmi ta MAP da ke ɓangaren adawa, kuma da suka kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu ta rufe shari'ar. A shekarar nan ce kuma aka haramta jam'iyyun da aka gina kan addini ko ƙabila ko yanki. Dattijon ya ce gwamnatoci biyu ne masu gaba da juna, amma kowace ta nuna wa Zongo ƙofa, don haka shi darasin da ya ɗauka shi ne mutum ya riƙe kasuwarsa da masallacinsa ya bar masu mulki da mulkinsu.

Ban yi masa gardama ba, domin abin da ya gani da idonsa ya fi ƙarfin abin da na karanta. Amma na daɗe ina juya maganar. Na lura cewa wannan tarihi ya raba mu gida biyu: wasu sun janye gaba ɗaya kamar shi, wasu kuma sun ga cewa tsira tana cikin rungumar babbar jam'iyya da hannu biyu domin ta zama garkuwa. Ɓangare na biyun ya samu wani abu, ba a musu. Manyan jam'iyyun nan biyu, NDC mai alamar lema da NPP mai alamar giwa, kowace tana da reshen da ke zawarcin Zongo, Alhaji Aliu Mahama ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Dakta Mahamudu Bawumia ya riƙe wannan kujera daga 2017 zuwa 2025, kuma a 2017 aka kafa asusun raya zanguna da doka. Duk da haka ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda, wato sun bar matakin da ya fi kusa da mu babu kowa. A babban zaɓen 2020 kusan kashi 79 cikin 100 na masu rajista sun fita, amma a zaɓen gundumomi da kyar ake wuce kashi ɗaya cikin uku. Surukar dattijon ce ta sa mini hannu daga baya, da saninsa, kuma na cike sauran gurabun da iyayen ɗalibaina da wata mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, na mayar da fom a ofishin Hukumar Zaɓe na gundumarmu a watan Nuwamba.

Bayan an fitar da sunayen 'yan takara sai wasu matasa biyu suka zo gida da sallama, suka ce wasu manya sun ji labarina sun yaba, suna so su buga mini fosta da riguna. Ban tambaye su ko masu lema ne ko masu giwa ba, domin amsar ba za ta canza komai ba. Sashi na 248 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan takarar gunduma zai gabatar da kansa ne a matsayin mutum shi kaɗai, ba zai yi amfani da alamar wata jam'iyya ba, kuma jam'iyya ba za ta ɗauki nauyinsa ko ta yi masa kamfe ko ta yaƙe shi ba. Kowa ya san cewa a aikace ana zagaye wannan doka, kuma dalilin a fili yake. Shugaban gunduma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, amma ba zai hau kujera ba sai kashi biyu cikin uku na wakilan majalisar da suka halarta suka jefa ƙuri'a sun amince da shi, saboda haka kowace jam'iyya tana son ta san adadin mutanenta a zauren, kuma 'yan kwamitin unguwa su ne ƙafafun da ake bi gida-gida da su idan babban zaɓe ya zo. Na gode musu, na ce zan buga 'yar takarda da kuɗina. Dalilina shi ne layinmu ya kasu tsakanin jam'iyyun biyu, kuma ranar da aka ce Malama ta wane ce, rabin gidajen ba za su fito aikin gayya ba.

An taɓa shirya ƙuri'ar raba gardama a ranar 17 ga Disamba 2019 domin a gyara sashi na 55 na kundin tsarin mulki a bai wa jam'iyyu damar shiga zaɓen gundumomi a sarari, sai Shugaba Akufo-Addo ya janye ta a farkon watan saboda ba a samu haɗin kan ƙasa a kai ba. Ra'ayina, bayan abin da na gani, shi ne a bar jama'a su zaɓi shugaban gundumarsu da kansu, domin wanda aka naɗa daga Akra hankalinsa yana komawa inda aka naɗo shi, amma a bar kwamitin unguwa babu tutar kowa.

Kamfe ɗin kansa ƙafa ce da baki. Hukumar Zaɓe takan shirya dandamali ɗaya inda dukan 'yan takarar mazaɓa za su hau ɗaya bayan ɗaya su yi wa jama'a bayani, kuma namu an yi shi ne a wani fili kusa da masallaci bayan la'asar. Na yi magana da Hausa, na maimaita muhimman wuraren da Tonanci, wato harshen Twi, saboda maƙwabtanmu Tonawa, mutanen Asante, da ke haya a unguwar, ban kuma ambaci komai ba sai kwata da shara da fitilun lungu. Sauran aikin a cikin gidaje na yi shi, da wuraren suna da aure da addu'ar mamaci da taron adashi, inda mace ke iya zama da mata su yi magana a tsanake, abin da ɗan takara namiji ba ya samu. A wurare da dama an tambaye ni kuɗin koko. Ba na raina mai wannan tambaya, domin shekaru da yawa sun koya wa talaka cewa abin da zai samu daga ɗan siyasa shi ne abin da ya karɓa kafin zaɓe, bayan nan sai wata shekara huɗu. Amsata ita ce kujerar da nake nema ba ta da albashin da zan mayar da abin da na kashe, kuma duk wanda ya raba kuɗi domin kujerar da ba ta da albashi, ya kamata a tambaye shi inda yake sa ran fanshewa. Wasu sun gamsu, wasu sun ce Allah ya ba da sa'a da muryar da na gane ma'anarta.

Wani aikin da ya ci lokaci shi ne koya wa tsofaffi yadda takardar take. Ba ta da lema, ba ta da giwa, hotuna ne da sunaye kawai a jere, kuma a takardar kwamitin unguwa mutum yana iya dangwala wa 'yan takara har biyar, idan ya wuce haka ƙuri'ar ta lalace. Mai jefa ƙuri'a yana karɓar takarda biyu, ɗaya ta asambiliman ɗaya ta kwamiti, kowace da akwatinta.

Ranar zaɓe ranar aiki ce, 'yan kasuwa sun tafi Kejetia da Asawase tun da sassafe, masu tuƙa pragya, wato keken fasinja mai ƙafa uku, suna kan titi. An buɗe rumfa da ƙarfe 7 na safe, ana tantance mutum da na'urar da ke karanta yatsa, amma babu dogon layin da muka saba gani a babban zaɓe, lokacin da mutane ke ajiye dutse ko kujera tun asuba domin kama wuri. Tsofaffi da mata ne suka fi fitowa. Da ƙarfe 5 na yamma aka rufe, aka juye akwatunan a kan tebur a gaban kowa, jami'i yana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya. Ƙidayar kwamiti tana da jinkiri saboda kowace takarda tana ɗauke da suna har biyar, har magariba ta yi ana haskawa da fitilar waya. Na ga takardun da aka ware saboda an dangwala sau shida, cikinsu akwai waɗanda aka dangwala a kan hotona, kuma abin ya yi mini zafi domin na san masu su sun bar abin da suke yi ne suka zo. Da aka haɗa sakamakon rumfunan mazaɓar na zo ta huɗu, ni kaɗai ce mace a cikin biyar ɗin. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da matan da ake zaɓa a majalisun gundumomi ba su kai ɗaya cikin goma ba.

A watan Fabrairu 2024 aka rantsar da sababbin majalisu, mu ma muka kama aiki, 'yan uwana na kwamiti suka ba ni riƙon littafin rubuta bayanan zama. Nan da nan na ga iyakar kujerar. Kundin tsarin mulki ya ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba domin asusun gundumomi, amma wannan kuɗi majalisa yake zuwa, kwamiti ba ya riƙe ko sidi ɗaya daga ciki. Gina kwata da siminti ya fi ƙarfinmu, abin da za mu iya shi ne rubuta takarda, mu bi ta hannun asambiliman, mu yi ta tuni har a sa aikin a cikin tsarin majalisa. Abin da ke hannunmu kai tsaye shi ne kiran mutane, kuma wannan ya yi aiki: mun roƙi limamai suka yi sanarwa bayan sallar Juma'a, aka fito ranar Asabar kafin saukar ruwan sama aka yashe kwatar daga sama har ƙasa, mata suka dafa wake da shinkafa, samarin bes suka yi aikin da ya fi nauyi, har da waɗanda ƙuri'arsu ke Bawku da Yendi.

Yashewa ba ta hana sake cikewa, saboda haka muka kira taron unguwa a harabar makaranta domin a yi yarjejeniya da mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da zai riƙa kwashe shara a kai a kai, kowa yana ba da wani abu. A nan ra'ayi ya rabu. Ni na nemi a yanka kuɗin bisa yawan ɗakuna, domin ban ga adalci ba a ce gidan gwauruwa mai ɗaki biyu ya biya daidai da gidan haya mai ɗaki goma sha biyar. Wasu suka ce a yanka bisa gida, saboda ƙidayar ɗakuna za ta jawo rigima tsakanin masu gida da 'yan haya, kuma karɓar kuɗin za ta gagari mutum biyar da ke da sana'o'insu. An yi ta muhawara har aka kira sallah ba a daidaita ba, taron ya bar wa kwamiti ya yanke. Da muka zauna, mutum uku suka zaɓi a biya bisa gida, mu biyu muka tsaya a kan ɗakuna. Har yanzu ina ganin tsarin ɗakuna ya fi adalci, na kuma nemi a rubuta cewa za a sake duba maganar bayan damina, tare da sassauta wa gidajen zawarawa da marayu, aka amince da wannan. Na rubuta hukuncin a littafi kamar yadda aka yanke shi, washegari kuma ni da ɗaya daga cikin ukun muka bi gidajen layin gabas muna sanar da mutane adadin da za su biya da ranar da mai aboboya zai fara zuwa.